Ƙarin Ƙwaƙwalwa a Yara: Tsakanin Wuƙa da Gashi

"Ba ciwon daji ba ne." Likita kan faɗi wannan jimla domin ya kwantar wa iyaye hankali, su kuwa sai su ji kamar an ce ƙurji ne da za a tsaga a huta. Jimlar gaskiya ce game da ƙarin da ake kira kiraniyofarinjiyoma, sunan da likitan Amurka Harvey Cushing ya yayata a 1932, domin ba ya yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki. Haɗarinsa yana tattare da inda ya zauna.

A gindin ƙwaƙwalwa yake tsirowa, dab da jijiyoyin gani, da ƙullin fituwitari mai sarrafa girman jiki, da haifotalamus mai kula da yunwa, ƙishirwa da barci. A wajen yara ya fi bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 14. Yaro ya riƙa ciwon kai da amai, tsayinsa ya tsaya, ganinsa ya tsuke daga gefuna, ya yi ta shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa. Wannan alamar kan sa a zaci ciwon sukari ne, har ma a 2022 masana suka sauya mata suna saboda tsohon sunanta na Turanci yana rikita ta da shi.

Shekaru da dama burin likitocin tiyata shi ne su cire ƙarin ɗungurungum, ta hanyar buɗe ƙoƙon kai ko, a baya-bayan nan, ta zura na'ura ta hanci. Inda ƙarin bai manne wa haifotalamus ba, wannan hanya tana nan da darajarta. Inda ya manne kuwa, an ga abin da ya biyo baya: hoton ƙwaƙwalwa ya fito fes, amma yaro ya koma ba ya ƙoshi, ƙiba ta yi masa katutu, karatu ya gagare shi.

Shi ya sa cibiyoyi da yawa suka koma ga cire abin da zai ciru lafiya, sannan a bi ragowar da gashi, galibi kimanin awon gire 54 cikin mako shida. Shi ma gashin ba kyauta yake ba: yana iya raunana tunani da ƙullin fituwitari, don haka ake jinkirta shi ga ƙananan yara. Binciken asibitin St. Jude na Amurka da aka buga a 2023 ya nuna cewa gashi da furoton ya fi kare basirar yaro. Irin wannan na'ura babu ita a Nijeriya. Wanda ya dogara da Zariya ko Sakkwato gashin da aka saba zai samu.

A ganina, tambayar da ta kamata uba ya yi kafin ya sa hannu a takardar tiyata ita ce ko ƙarin ya taɓa haifotalamus, da kuma inda za a yi gashi in an bar saura. Ya kuma tambayi farashin desmofiresin da haidirokotizon, domin yawancin waɗannan yara za su sha irin waɗannan magunguna har ƙarshen rayuwarsu, kuma yankewar haidirokotizon a lokacin zazzaɓi tana iya halaka yaro.