Sohra, Garin da Ruwan Sama Ya Yi wa Yawa, Na Sha Ya Yi wa Kaɗan

A arewa maso gabashin Indiya, cikin jihar Meghalaya, akwai wani ƙaramin gari da duniya ta fi sani da Cherrapunji. Mutanensa kuwa Sohra suke ce masa, kuma a 2007 gwamnatin jihar ta mayar masa da wannan suna. Mazaunansa ba su kai 15,000 ba a ƙidayar 2011. Yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,400, in ka tsaya a bakin dutse kana hango filayen Bangaladesh shimfiɗe a ƙasa.

Wannan mazauni shi ya jawo masa ruwa. Iskar damina takan taso daga Tekun Bengal cike da danshi, ta ratsa filayen nan ba abin da ya tare ta, sai ta ci karo da duwatsun Khasi. Dole ta haura, in ta haura ta yi sanyi, sai ta sauke kayanta a kan garin. A shekara akan samu fiye da milimita 11,000. Daga Agustan 1860 zuwa Yulin 1861 an auna fiye da milimita 26,000, kuma har yau babu garin da aka auna masa haka cikin wata goma sha biyu. Turawan Ingila sun taɓa kafa hedkwata a nan, ruwa ya ishe su, suka tattara suka koma Shillong a 1864.

Wanda ya san Indiya ta finafinai kawai zai sha mamakin 'yan garin. 'Yan ƙabilar Khasi ne, harshensu ba shi da dangantaka da Hindi, kuma yawancinsu Kiristoci ne. Wani ɗan mishan daga Wales, Thomas Jones, ya iso a 1841 ya rubuta harshen da baƙaƙen boko. Ta wajen uwa ake bin dangi. 'Ya'ya sunan zuriyar uwa suke ɗauka, 'yar auta ce ke gadon gida tare da nauyin kula da iyaye, kawu kuma yana da ta cewa a harkokin gidan 'yar'uwarsa. Baƙo in ya shigo, kwai ake miƙa masa, wato ƙwayar wani irin dabino da ake taunawa da ganye da ɗan farar ƙasa, kamar yadda mu muke miƙa goro.

Abin da ya fi burge ni shi ne gadojin da ke kwarurukan ƙasa da garin. Gadar katako ruɓewa take yi a irin wannan danshi, don haka sai mutanen wurin su riƙa jan saiwoyin bishiyar roba suna ɗaure su, suna bi da su ƙetaren rafi, shekara goma ko fiye kafin a iya takawa. Irin wannan gada kullum ƙara ƙarfi take yi. Ta ƙauyen Nongriat hawa biyu ce, sai an sauka matakala wajen 3,000 ake isa gare ta.

To, duk da wannan ni'ima, daga Disamba zuwa Fabrairu famfuna kan ƙafe, mata da yara su ɗauki bokiti su yi nisa neman na sha, wasu gidajen kuma su saya daga motocin tanki. Dalilin a fili yake. Ƙasar saman tudun ba ta da kauri, ƙarƙashinta dutse ne, an sare dazuzzuka da yawa, ga haƙar kwal da farar ƙasa. Ruwan yana sauka yana gangarawa, ya faɗa ta magangara irin su Nohkalikai mai tsayin mita 340, ya tafi ya cika kogunan Bangaladesh. A ganina, garin da ke samun irin wannan ruwa bai kamata ya sayi na sha ba. Manyan tankunan ajiya da dashen itatuwa ne aikin da ke gaban hukumomin Meghalaya.