Ƙwayoyin Kon da Ganin Launi: Bayani Domin Masu Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1969, lokacin da Berlin da Kay suka fitar da nazarinsu a kan sunayen launi a harsunan duniya, masana harshe ke muhawara a kan ko harshe ne ke yanka launuka yadda ya so, ko kuwa ido ne ke gindaya masa iyaka. Sau da yawa akan shiga muhawarar ba tare da an san abin da idon kansa yake yi ba. Wannan maƙala za ta bayyana aikin ƙwayoyin da ganin launi ya dogara a kansu, sannan ta taɓo abin da hakan ke nufi ga Hausa.

2.0 Tantanin Gani da Ƙwayoyinsa

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, wanda za mu kira tantanin gani. A cikinsa akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske: masu siffar sanda, da masu tsini kamar mazurari, waɗanda ake kira kon. Ƙidayar da Curcio da abokan aikinta suka yi a 1990 ta nuna cewa idon mutum na ɗauke da kimanin ƙwayoyin sanda miliyan 92, na kon kuwa miliyan 4.6. Na sanda su ke aiki da dare, ba su kuma bambance launi. Na kon su ke aiki da rana.

Ƙwayoyin kon sun yi cincirindo ne a wani ɗan gurbi a tsakiyar tantanin, inda babu ƙwayar sanda ko ɗaya. A nan kusan kowace ƙwaya tana da nata layin na aika saƙo, alhali a gefe ƙwayoyin sanda da yawa ne ke tarayya a layi guda. Wannan ne ya sa mai karatu ba ya iya rarrabe ɗ da d, ko ƙ da k, sai ya dubi harafin kai tsaye. Da wutsiyar ido lanƙwasar ba ta fitowa.

3.0 Yadda Launi Ke Samuwa

Thomas Young ne ya kawo ra'ayin, a 1802, cewa iri uku kawai na masu karɓar haske sun isa a ga dukkan launuka, Helmholtz kuma ya faɗaɗa shi daga baya. Bincike ya gaskata su. Iri na farko ya fi amsa hasken da tsawon zangonsa ya kai nanomita 420, na biyu wajen 530, na uku wajen 560. A 1986 Nathans da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke tsara sinadaran ukun.

Akan kira su kon na shuɗi, na kore da na ja, amma sunayen na ɓatar da mutum. Wanda ake cewa na ja, alal misali, ya fi amsa hasken da ke tsakanin kore da rawaya. Hasali ma, ƙwaya guda ba ta san launi ba. Abin da kawai take isarwa shi ne yawan hasken da ta kama, ta yadda haske mai ƙarfi da bai dace da ita sosai ba, da haske mai rauni da ya dace da ita, duk amsa ɗaya za su samu. Launi yana fitowa ne daga kwatanta amsoshin ukun. Jijiyoyin tantanin sukan auna amsar iri na uku da ta na biyu, su kuma auna ta na farko da jimillar sauran biyun. Daga nan ne adawar da Hering ya lura da ita ta samo tushe, wato ja da kore, shuɗi da rawaya. Shi ya sa ba mu taɓa jin an ce abu ja ne mai kore-kore ba.

4.0 Ido da Harshe

Ido ɗaya ne ga Bahaushe da Bayarabe da Bature, amma rabon sunayen ya bambanta. Hausa na da fari, baƙi, ja, shuɗi, kore da rawaya, sauran kuma ta kan jingina su ga wani abu: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda. Bahaushe kan ce da mutum mai hasken fata ja, ya ce da rigar da ta sha baba har ta rine baƙa. A ganina kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin gazawar gani. Mai rini ya fi kowa rarrabe matakan shuɗi, ko da kalma ɗaya ko biyu yake kiransu da su.

Gazawar gani ta haƙiƙa daban take. Ƙwayoyin gadon iri na biyu da na uku suna kan kuromosom X, don haka rikita ja da kore ya fi yawa ga maza: kimanin kashi 8 cikin ɗari a arewacin Turai, mata kuwa ƙasa da kashi 1. John Dalton ya bayyana nasa a 1794, gwajin da aka yi wa idanunsa da aka adana kuma ya nuna, a 1995, cewa iri na biyu ne ba shi da shi. Mai tattara sunayen launi ya kamata ya gwada ganin masu ba shi bayani tukuna, ya kuma yi aikin da rana, domin da almuru ƙwayoyin sanda ke karɓar ragama, ja ya dushe kafin shuɗi.

Fassarar nan ta "makantar launi" ba ta gamsar da ni ba, tunda mafi yawan masu larurar suna ganin launi, wasu launukan ne ke cakuɗe musu. "Rikicin launi" ya fi kusa da ma'anar. Bai kuma kamata a haɗa ta da dundumi ba, wanda larura ce ta ƙwayoyin sanda, da sau da yawa ƙarancin bitamin A ke haddasawa.