Kafin Alƙalami a Ginin Manhaja: Yadda Ake Auna Darajar Tsari Mai Karɓar Sauyi

Gabatarwa

Duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar rubuta manhajar kwamfuta takan ci karo da tambaya guda mai wuyar amsa. Masu aikin sukan gabatar da tsari iri biyu. Na farko mai araha ne, yana biyan bukatar yau. Na biyu ya fi tsada, amma sukan ce zai yi sauƙin gyara idan al'amura suka sauya. To, wannan sauƙin gyara da ake faɗa, nawa ne darajarsa? Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ana iya ƙiyasta darajar tasa da lissafi, kuma dabarar lissafin daga kasuwar hannun jari aka aro ta.

Ma'anar zaɓi a kasuwa

Kowane ɗan kasuwa ya san kafin alƙalami, wato ɗan abin da mai saye kan bayar don a ajiye masa kaya. Abin da masana harkar kuɗi ke kira zaɓi ɗan'uwansa ne. Mutum yakan biya kuɗi kaɗan yau, ya sami ikon sayen wani abu a kan farashin da aka yanke, kafin wani wa'adi ya cika. Idan farashi ya tashi sai ya saya ya ci riba. Idan ya faɗi sai ya haƙura, hasararsa ba ta wuce ɗan abin da ya biya da farko ba.

Dabarar tsohuwa ce. Aristotal ya ba da labarin Talis, masanin nan na birnin Militus a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya hango cewa zaitun zai yi albarka. Tun da hunturu ya bi wuraren matse mai yana ba da ɗan kafin alƙalami. Da kaka ta yi, kowa na neman inda zai matse zaitunsa, sai ya riƙa ba da hayarsu a farashin da ya ga dama.

Abin da ya daɗe yana gagarar masana shi ne sanin kuɗin da ya dace a biya don irin wannan iko. A shekarar 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka fito da ƙa'idar lissafinsa, Robert Merton kuma ya faɗaɗa ta. A wannan shekara ce aka buɗe kasuwar cinikin zaɓi a Shikago ta Amurka. Scholes da Merton sun sami lambar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black a 1995. Ƙa'idar tana duba abubuwa biyar: farashin kayan a yau, farashin da aka yanke, tsawon wa'adi, kuɗin ruwa, da yawan hawa da saukar farashi. Babban darasinta kuwa shi ne, gwargwadon yawan rashin tabbas, gwargwadon ƙaruwar darajar zaɓi, domin ribar na iya yawa alhali hasarar tana da iyaka. A 1977 Stewart Myers ya nuna cewa wannan tunani bai tsaya ga takardun kasuwa ba, ya shafi masana'anta da fili da duk jarin da ke bai wa mai shi damar yanke shawara a gaba.

Daga kasuwa zuwa manhaja

Tsarin ginin manhaja shi ne yadda aka karkasa ta sassa-sassa, da yadda sassan ke hulɗa da juna. A 1972 David Parnas ya ba da shawarar a tattara duk abin da ake zaton zai sauya a killace shi a sashe guda, ta yadda idan sauyin ya zo ba sai an taɓa sauran ba. Tsari mai ɗorewa, a wannan ma'ana, shi ne wanda bukatu za su yi ta sauyawa amma ƙashin bayansa ya tsaya.

Carliss Baldwin da Kim Clark na Jami'ar Harvard su ne suka haɗa wannan da ilimin zaɓi a shekarar 2000. Sun yi nazarin kwamfutar System/360 wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1964, suka nuna cewa kowane sashe mai zaman kansa zaɓi ne: ana iya gwada sabo a gurbinsa, in ya fi a ɗauka, in bai fi ba a ci gaba da tsohon. A 2001 Kevin Sullivan na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka gwada wannan lissafi a kan misalin da Parnas ya kawo tun farko, ya kuma nuna fifikon tsarin Parnas. Daga baya Rami Bahsoon da Wolfgang Emmerich a Landan suka tsara hanyar da suka kira ArchOptions, musamman don auna ɗorewar tsari. A lissafinsu, ƙarin kuɗin da aka kashe wajen gina tsari mai sassa shi ne kafin alƙalami. Kuɗin aiwatar da sauyi idan ya zo shi ne farashin da aka yanke. Amfanin da sauyin zai kawo shi ne darajar kayan, shekarun da manhaja za ta yi tana aiki kuma su ne wa'adi.

Misali

A ƙaddara wata ma'aikata na son manhajar biyan albashi. Tsari na farko naira miliyan 100 ne, dokokin albashi a cakuɗe suke da komai. Na biyu miliyan 120 ne, an ware dokokin a sashe guda. Idan gwamnati ta sake tsarin albashi, gyaran na farko zai ci miliyan 90, na biyu miliyan 20, wato akwai rarar miliyan 70. Idan yiwuwar sauyin rabi da rabi ce, darajar rarar miliyan 35 ke nan, ta zarce ƙarin miliyan 20 da aka biya. Amma idan yiwuwar ɗaya ce cikin goma, darajar miliyan 7 ce kacal, ƙarin kuɗin ya zama almubazzaranci. Wannan lissafi an sauƙaƙa shi, domin ba a sa kuɗin ruwa da tsawon lokaci ba, amma ya isa ya nuna cewa karɓar sauyi ba kullum ne yake cancantar kuɗinsa ba. Yana da daraja ne a inda rashin tabbas yake da yawa.

Tarihi ma ya ba da shaida. Masu rubuta manhaja na farko sun riƙa ajiye shekara da lamba biyu don tsimin wuri, suka warwatsa wannan shawara a ko'ina cikin aikinsu. Da shekarar 2000 ta gabato, sai da gwamnatoci da bankuna suka kashe maƙudan kuɗi ana bin layi-layi ana gyara. Da an killace lissafin kwanan wata a sashe guda, da gyaran bai kai haka ba.

Iyakar wannan hanya

Wajibi ne a yi hattara. Ƙa'idar Black da Scholes ta dogara ne a kan kayan da ake cinikinsu kullum, waɗanda farashinsu sananne ne. Ba a sayar da tsarin manhaja a kasuwa, saboda haka alƙaluman da ake sawa a lissafin ƙiyasin masana ne, kuma ƙiyasi yana iya kuskure. Bugu da ƙari, zaɓin da ke cikin manhaja yakan lalace idan ba a kula da shi ba: ma'aikatan da suka san tsarin su bar aiki, ko a riƙa gyaran gaggawa har sassan su sake cakuɗewa.

Kammalawa

Amfanin wannan hanya ya fi yawa a tambayoyin da take tilasta wa mutum ya yi. Jami'in da zai sa hannu a kwangila ya kamata ya tambayi masu aiki: wane sauyi ne ake tsammani, nawa zai ci a kowane tsari, kuma cikin shekara nawa? Ɗalibin da ke koyon ginin manhaja kuma ya kamata ya saba da bayyana shawararsa da harshen da ma'aji zai fahimta. Idan aka sami amsoshin nan a rubuce kafin a biya kuɗi, to, ma'aikata ta san abin da ta saya da ƙarin da ta biya, ta kuma san abin da ta haƙura da shi idan ta ɗauki mai araha.