Daga Zaure zuwa Bene: Mas'alar Naƙasassu a Manyan Makarantunmu

Wata rana da hantsi, a wata kwalejin horon malamai da ba sai na ambaci sunanta ba, ina tsaye gindin bene ina jiran wani abokina, sai ga wani ɗalibi gurgu ya garo kekensa har bakin matakala ya tsaya, bai kira kowa ba, bai kuma ɗaga kai ba, kamar wanda ya riga ya san abin da zai biyo baya; ba a jima ba samari biyu suka sauko suka ɗauke shi cak, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafafu, na uku ya rungumi keken yana biye da su. Na yaba zumuncinsu, kuma lalle abin yabo ne. Amma da aka gaya mini cewa haka ake yi kullum tun shekararsa ta farko, ranar da samarin suka makara shi ma ya makara, ranar da ba su zo ba darasi ya wuce shi, sai na gane cewa bashi ne makarantar ta ci, yaran nan suke biya mata da ƙwanjinsu.

Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa ilmi a ƙasarmu bai taɓa hawa bene ba. Malam yana kan buzunsa, ɗalibai suna kan tabarma, ƙofa a buɗe take daidai da ƙasa, kuma da yake karatun na baki da kunne ne, ɗalibi ya ja baƙi malam ya fassara, makaho yakan zauna cikin sahu ya ɗauki abin da mai ido ya ɗauka, wani lokaci ma ya fi shi riƙewa. Wannan kuwa tsohon gado ne. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa lokacin da ya zo neman sani, ya zama ladani a Madina, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar masa garin in zai fita. Imamu Shaɗibi, wanda har gobe masu ilmin ƙira'a suke haddace ƙasidarsa, makaho ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa halifa Walidu ɗan Abdulmaliki ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali. A nan gida kuwa ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa alhali bai taɓa ganin baƙin da ake rubuta waƙarsa da shi ba.

Kada dai mu yi wa kanmu kirarin da ba mu cancanta ba. Zauren da ya karɓi makaho bai san yadda zai yi da kurma ba, kuma in aka ɗebe 'yan ƙalilan da suka zama malamai, galibin naƙasassu an sallama su ga bara, aka naɗa musu sarkin makafi da sarkin guragu, aka ɗauka an sauke nauyi.

Da boko ya zo sai ya mayar da ilmi kan allo da alli da takarda bugaggiya, daga baya ya ɗora shi kan hawa na biyu da na uku, ta haka ya rufe ƙofar da a da take buɗe. Gaskiya ne ya zo da mabuɗinsa. Louis Braille, Bafaranshen da ya makance yana yaro, ya tsara rubutun ɗigo shida da ake karantawa da yatsa, ya buga bayaninsa a 1829. 'Yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Gwamnatin tarayya ta kafa kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a Oyo a 1977. Jami'o'in Jos da Bayero suna da sassan wannan fanni. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyinsu. Sai dai duk wannan yana kawo yaro bakin ƙofa ne, abin da zai tarar bayan ya shiga kuwa shi ne mas'alarmu.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanke tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ta hana amincewa da zanen ginin jama'a wanda naƙasasshe ba zai iya shiga ba. Ta kuma ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara 5 a gyara su. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024, mai shakka kuwa ya zaga makarantar da ke kusa da shi ya ƙirga matakala.

Inda ma aka yi gyaran, sau da yawa gyaran ganin ido ne. Ƙa'idar da magina suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, kowane taku ɗaya na tsayi yana bukatar taku 12 na gangara, watau ƙofar da ke da matakala uku, kowace santimita 15, gangararta sai ta kusa mita biyar da rabi kafin mai keke ya hau ta da ƙarfin hannunsa. Ɗan kwangila kuwa yakan zuba siminti mita ɗaya da rabi a gefe, mai tsini kamar dutsen Dala, ba makari ba abin dafawa, a shafa masa fenti a ɗauki hoto. Wanda ya gwada hawa ya koma da baya, wanda ya gwada sauka sai Allah ya kiyaye. In ma ya hau lafiya, ga ƙofar makewayi wadda keke ba ya shiga, har na ji ɗaliban da suke ƙin shan ruwa tun asuba don kada bukata ta kama su a makaranta, a wannan zafi namu na bazara. Makaho kuma babban abokin gabarsa lambatu ne marar murfi, da babur da aka jingine a kan hanyar ƙafa, domin shi hanya haddace ta yake yi kamar sura, abin da aka sauya jiya da dare ba ya cikin haddarsa.

Matakalar makaho ta ainihi tana cikin aji. Malami ya juya ga allo yana cewa wannan a haɗa da wancan a sami wannan, mai ido ya fahimta, makaho bai ji komai ba face "wannan". Da zai ambaci abin da yake rubutawa da sunansa, da an gama, ba a kashe ko kwabo ba. Haka takardun lacca: akwai manhajojin da ke karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, irin su NVDA wadda kyauta ce, amma ba su cika iya karanta hoton takardar da aka ɗauka da waya daidai ba, kamar yadda suke karanta rubutun da aka buga da haruffa. Uzurin haƙƙin mallaka ma ya faɗi, tun da Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta mayar da littafi zuwa siffar da makaho zai karanta ba tare da jiran izinin mai shi ba.

Kurame su ne suka fi shiga tasku, don naƙasarsu ba ta ganuwa. Tafinta ɗaya ba ya iya fassara lacca huɗu a jere hankalinsa bai gaji ba, ga kuma wani rikici: alamun hannu da ake koyarwa a makarantu sun samo asali ne daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster ya shigo da su ta Ibadan a 1960, alhali kurman Kano ya tashi da maganar hannu ta Hausa a gida da kasuwa.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Makarantar da ta ba ɗalibi gurbi, ta karɓi kuɗin rajistarsa, ta ɗaukar wa kanta koyar da shi, saboda haka hanyar da zai bi ya iso ga malamin tana cikin alkawarin, ba ta cikin babin sadaka da ake yi in an ga dama. Ba kuma komai ne ke jiran kasafin kuɗi ba. A kwalejin nan da na ambata, benen yana da azuzuwa a ƙasa daidai girman na sama, kuma a ranar da na tsaya wurin biyu daga cikinsu a kulle suke. Mai tsara jadawalin darussa, da na same shi, ya ce shi sunayen kwasa-kwasai ake kawo masa da adadin ɗalibai, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai mai keke a cikinsu.