Daga Maƙerar Gaya Zuwa Ƙirar Manhaja

Tarihin baka na ƙasar Kano ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya tare da jama'arsa, ya nufi dutsen Dala neman tama. Zuriyar waɗannan maƙera su ne ake kira Abagayawa, kuma binciken masu tone-tonen kayan tarihi ya tabbatar da cewa ana narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Abin lura a nan shi ne, mutanen sun bar gida ne da sana'arsu a hannu, suka kai ta inda za ta fi amfani.

Irin wannan ƙaura ce take gaban matasa da yawa na Gaya da Ajingi a yau, sai dai tasu a fagen ilmi take. Saurayi ko budurwa ya gama digiri a aikin gona, ko tattalin arziki, ko harshen Hausa, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida, sa'an nan ya ga cewa ƙirar manhajar kwamfuta ce ta kwanta masa a rai. Tambayar da yakan yi ita ce, shin ƙofa ta riga ta rufe? Amsa ita ce ba ta rufe ba. Amma mabuɗinta yana cikin ajin lissafi na makarantar sakandare, inda ɗalibai da dama suke yar da shi ba tare da sun sani ba.

Mene ne injiniyancin manhaja?

Manhaja ita ce jerin umarnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa take bi wajen gudanar da aiki, ko kwamfuta ce, ko wayar hannu, ko na'urar cirar kuɗi ta banki. Rubuta ɗan gajeren umarni abu ne da mai ƙwazo zai iya koya cikin 'yan watanni. Amma gina babbar manhaja wadda mutane ɗari za su haɗu su rubuta, dubbai su dogara da ita, ta kuma yi shekaru ana gyara ta ba ta rushe ba, wannan shi ne injiniyanci. Sunan fannin ya bazu ne bayan wani taron masana da aka yi a garin Garmisch na ƙasar Jamus a 1968, lokacin da aka ga manyan ayyukan manhaja suna cin kuɗi suna kuma lalacewa.

Abin da ya faru ranar 4 ga Yuni 1996 ya isa misali. An harba rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai, ta tarwatse a sama cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka. Dalili shi ne an ɗauko manhajar tsohuwar roka Ariane 4 aka sa mata, alhali sabuwar ta fi gudu. Wani adadi ya zarce 32,767, wato iyakar abin da gurbin da aka tanadar masa zai iya ɗauka, sai na'urar da ke riƙe da alƙiblar rokar ta rikice. Aikin injiniyan manhaja ke nan: ya tantance abin da ake bukata, ya tsara, ya gwada, ya hango kuskure tun kafin ya auku.

Waɗanda suka riga suka tsallaka

Magabatan wannan fanni kusan dukkansu baƙi ne a cikinsa, domin a zamaninsu babu digirin kwamfuta. Margaret Hamilton lissafi ta karanta, ta gama a 1958, daga baya ta shugabanci ayarin da ya rubuta manhajar kumbon Apollo 11. Da kwamfutar kumbon ta cika da aiki ana dab da sauka a kan wata a 1969, manhajar ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe muhimmai, aka sauka lafiya.

Tony Hoare kuwa harsunan Latin da Girkanci da falsafa ya karanta a Jami'ar Oxford ta Ingila. Ya koyi Rashanci, ya tafi Mosko, inda a 1959 ya shiga tunanin yadda na'ura za ta fassara harshe. Bukatar jera kalmomin Rashanci bisa tsarin abacada domin duba su a ƙamus ita ce ta kai shi ga ƙirƙiro dabarar Quicksort, wadda har yau ake koyar da ita a jami'o'in duniya. Ya sami lambar Turing, babbar lambar yabo ta wannan fanni, a 1980. A Nijeriya ma, Bosun Tijani, wanda aka naɗa ministan sadarwa a 2023, digirinsa na farko a kan tattalin arziki ne daga Jami'ar Jos, sa'an nan ya yi digiri na biyu kan tsarin sarrafa bayanai a Jami'ar Warwick.

Gadar da ake bi

A jami'o'in Nijeriya ba kasafai ake tsallakawa kai tsaye daga wani fanni zuwa digiri na biyu na kwamfuta ba. Akwai gada a tsakani, wato babbar difloma ta bayan digiri, wadda aka fi sani da PGD. Yawanci shekara guda ake yi, a cusa wa ɗalibi ginshiƙan da bai samu ba a digirin farko: rubuta umarni, tsarin ajiye bayanai, dabarun warware matsala, da lissafin da ya shafi kwamfuta. Wanda ya fita da sakamako mai kyau sai ya nemi digiri na biyu. Masu babbar difloma ta kwalejin fasaha ma wannan gadar suke bi. Akan bukaci takardar bautar ƙasa da cikakken sakamakon digirin farko.

Ɗan Gaya ko Ajingi bai yi nisa da wuraren karatun ba. A Wudil, maƙwabciyar Gaya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano da ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ta gabas akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. A birnin Kano kuwa Jami'ar Bayero tana da tsangaya sukutum ta ilmin kwamfuta, da sashen injiniyancin manhaja a cikinta. Kowace jami'a da darussan da take bayarwa da sharuɗɗanta, don haka wajibi ne mai nema ya karanta sanarwar makarantar karatun gaba da digiri kafin ya sayi fom.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk yawan shekarun da mutum ya yi a jami'a, ranar da ya nemi wannan gada sai an koma kan sakamakonsa na WAEC ko NECO, a duba kiredit a lissafi da Ingilishi, wasu wuraren har da fizis. Haka kuma jami'o'i da yawa sun fi buɗe ƙofa ga wanda ya karanta kimiyya ko injiniyanci. Ɗalibin da ya guje wa lissafi a aji biyu na babbar sakandare domin wai shi ɗan sashen adabi ne, yana iya tarar da sakamakon wannan gudun bayan shekara goma.

Me ya sa sai da lissafi?

A ɗauka ga rajistar manoma 1,000 na wata mazaɓa a Ajingi, ana neman sunan mutum guda domin rabon taki. Idan sunayen a hargitse suke, mai dubawa zai iya bin dukkan dubun kafin ya dace. Idan kuwa an jera su bisa abacada, sai ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko baya, ya watsar da rabi, ya sake raba abin da ya rage. Sau 10 kacal zai yi haka ya isa ga sunan, domin 2 sau 2 har sau goma ya ba da 1,024. Da sunayen miliyan guda ne, sau 20 ya wadatar. Irin wannan tsararriyar dabara ita ake kira algoridim, sunan da ya samo asali daga Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Lissafin da ke cikinta bai wuce na sakandare ba, amma wanda bai saba da shi ba zai sha wuya a zangon farko na difloma.

Guzurin da aka taho da shi

Mai sauya fanni kada ya ɗauka shekarunsa huɗu ko biyar na farko sun tafi a banza. Manhaja takan gaza ne sau da yawa saboda wanda ya ƙera ta bai san aikin da aka ƙera ta dominsa ba. Wanda ya karanta aikin gona, ya kuma tashi cikin gonakin gero da dawa da gyaɗa, ya san cewa manomi da mudu da tiya da buhu yake awo, ya san kuma akwai ƙauyukan da intanet ke yankewa, don haka dole manhajar ta iya aiki ko babu shi. Wanda ya karanta Hausa ya san bambancin ƙafa da kafa, da ɗaki da daki, abin da na'ura ba za ta gane ba sai an koya mata. Tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, bukatar masana harshe masu iya rubuta umarnin kwamfuta sai ƙaruwa take yi.

Hanyar tana da wahala. Akwai kuɗin makaranta, da sayen kwamfuta, da ƙarancin wutar lantarki, da zama aji ɗaya da waɗanda suka riga shi nisa. Hikima ita ce mutum ya gwada kansa tun kafin ya biya ko sisi: ya yi wata uku yana koyon harshen Python, wanda kyauta ake samunsa, ya ga ko yana da haƙurin yini guda yana neman kuskure ɗaya.

Saura nauyin da ke kan malaman sakandare na Gaya da Ajingi. Yana da kyau su riƙa tuna wa ɗaliban adabi da na kasuwanci cewa kiredit a lissafi ajiya ce, ko da ba a ga amfaninta a shekarar JAMB ba. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.