Madame X: Zanen da ya kusa kashe kasuwar mai shi

A gidan adana kayan tarihi da zane-zane na Metropolitan da ke birnin New York, akwai wani dogon zane na wata mata sanye da baƙar riga, ta dafa teburi da hannun dama, ta kuma kau da kai gefe kamar wadda aka kira ta ƙi amsawa.

Tsawon zanen ya haura mita biyu, kuma ana kiransa da suna Madame X, wato wata baiwar Allah da aka sakaya sunanta.

A yau masana na sanya shi cikin fitattun ayyukan da wani Ba'amurke ya taɓa yi. To amma ranar da aka fara nuna shi a birnin Paris cikin shekarar 1884, dariya da tsegumi ne suka tarbe shi, har ta kai mai zanen ya bar Faransa.

Baƙi biyu a Paris

Wanda ya yi zanen shi ne John Singer Sargent. An haife shi a 1856 a birnin Florence na ƙasar Italiya, iyayensa kuwa Amurkawa ne da suka kwashe shekaru suna yawo tsakanin biranen Turai. Bai taka ƙasar Amurka ba sai da ya kai shekara 20.

A 1874 ya je Paris, inda ya koyi sana'a a hannun wani shahararren mai zanen fuskokin mutane, Carolus-Duran, kuma cikin 'yan shekaru sunansa ya fara fita.

Ita kuwa matar, sunanta Virginie Amélie Avegno. An haife ta a birnin New Orleans na jihar Louisiana a 1859. Mahaifinta soja ne a ɓangaren 'yan Kudu lokacin yaƙin basasar Amurka, ya kuma rasu a 1862 sakamakon raunin da ya samu a fagen daga na Shiloh. Daga baya mahaifiyarta ta ɗauke ta suka koma Faransa, inda ta auri wani attajiri ma'aikacin banki mai suna Pierre Gautreau.

Ta yi suna a tarukan manya na Paris saboda kyau da iya ado. An san ta da shafa wata hoda mai ɗan launin shunayya da ke ƙara wa fatarta haske, jaridu kuma na bin diddigin suturarta.

Ke nan dukkansu biyu baƙi ne masu neman gindin zama a garin da ba ya saurin karɓar baƙo.

Abin lura a nan shi ne, ba ita ta nemi a zana ta ba, kuma ba mijinta ya biya ba, saɓanin yadda aka saba. Sargent ne ya bi ta hannun wani da ya san ta ya roƙi alfarma, domin yana ganin idan ya zana macen da kowa ke magana a kanta, sauran matan attajirai za su yi layi a ƙofarsa.

Aikin da ya ƙi ƙarewa

An fara aikin ne a 1883, aka ci gaba da shi a gidan hutun iyalan Gautreau da ke yankin Brittany a arewa maso yammacin Faransa.

Bai zo da sauƙi ba. Matar ba ta da haƙurin zama wuri guda, kuma a wata wasiƙa Sargent ya koka da kasalarta da kuma irin kyawunta da ya ce ya gagari fenti. Sai da ya yi gwaje-gwaje kusan talatin da fensir da fentin ruwa da na mai, wani tana zaune, wani tana kishingiɗe, kafin ya tsaya a kan siffar da aka sani a yau.

Binciken da ƙwararrun gidan Metropolitan suka yi da na'urar eksire ya nuna cewa ko a kan ƙyallen ma ya yi ta sauya matsayin hannuwanta da kunnenta da layin fuskarta.

Duk wanda ya tsaya gaban zanen zai ga cewa launuka kaɗan ne a cikinsa. Bango ruwan ƙasa ne, riga baƙa wuluk, fata kuma fara fat har tana neman komawa shuɗiya. Jan da ya fi fitowa shi ne na kunnenta, wanda ya tona asirin cewa sauran farin duk na hoda ne.

A goshin gashinta akwai ɗan ƙaramin jinjirin wata na lu'ulu'u, alamar da Turawa ke dangantawa da Diana, gunkiyar farauta a tatsuniyoyin Rumawa. Tsayuwar tata ma ba ta hutu ba ce: jiki na fuskantar mai kallo, wuya ya murɗe, hannun dama ya lanƙwashe baya yana danne da bakin teburi. Mutum zai gaji idan ya gwada ta na minti biyar.

Maɗauri guda

Baje kolin Salon na Paris shi ne babbar kasuwar masu zane a wancan zamani. Ana rataye dubban ayyuka, jama'a su yi cincirindo, jaridu su yanke hukunci, kuma daga nan ne mai zane ke samun masu ba shi aiki ko ya rasa su.

Da aka buɗe na 1884 a watan Mayu, an rataye aikin Sargent ba tare da cikakken sunan matar ba, sai taurari uku a gurbinsa. Wannan bai ɓoye komai ba, domin kowa ya gane ta.

Rigar na da siraran maɗaurai biyu masu ƙyalli da ke riƙe ta a kafaɗa. A zanen na asali, na kafaɗar dama ya zame ya sauko kan damtse.

Mai karatu zai iya mamaki, ganin cewa a ɗakunan baje kolin akwai zane-zanen mata tsirara da ba wanda ya ɗaga wa murya. Bambancin shi ne waɗancan ana ɗaukarsu a matsayin halittun tatsuniya marasa suna da dangi. Wannan kuwa matar aure ce da aka sani, aka san mijinta, aka san gidansu. Ga masu kallo na lokacin, zamewar maɗaurin tare da ɗaga hancin da ta yi na nufin ba ta damu da abin da za a ce ba, kuma wannan ne ba su yafe ba.

Masu sharhi sun ce fatarta ta yi kama da ta gawa, masu zanen barkwanci kuma suka samu abin yi.

Wani abokin Sargent mai suna Ralph Curtis, wanda shi ma mai zane ne, ya rubuta wa iyayensa labarin ranar. A cewarsa, mahaifiyar matar ta je wurin Sargent cikin kuka tana roƙon ya janye zanen, tana mai cewa 'yarta ta zama abin dariya a duk faɗin Paris.

Sargent ya ƙi. Hujjarsa ita ce ya zana ta ne daidai yadda take sa kaya, kuma babu abin da za a faɗa kan zanen da ya fi wanda jaridu suka riga suka rubuta kan shigarta.

Za a iya cewa yana da gaskiya ta fuskar sana'a, sai dai ba shi ne zai shiga taro washegari a nuna shi da baki ba.

Bayan an rufe baje kolin, ya mayar da zanen ɗakin aikinsa, ya goge maɗaurin da ya zame, ya sake zana shi a kan kafaɗa. Wani tsohon hoto da aka ɗauka kafin gyaran shi ne ke nuna yadda yake tun farko. Akwai kuma wani kwafi da bai kammala ba a gidan zane na Tate da ke Landan, wanda babu maɗaurin dama a jikinsa ko kaɗan.

Bayan ƙura ta lafa

Ayyukan da Sargent ya sa rai za su biyo baya ba su zo ba, domin magidanta sun yi ɗari-ɗari da miƙa masa matansu. Zuwa 1886 ya tattara ya koma Landan.

A can ne kasuwarsa ta buɗe, har ya zama mai zanen da attajiran Ingila da na Amurka suka fi nema. Ya zana shugabannin Amurka biyu, Theodore Roosevelt a 1903 da Woodrow Wilson a 1917.

An daɗe ana ba da labarin cewa Madame Gautreau ta shige ɗaka ba ta sake fitowa ba, amma abin bai kai haka ba. A 1891 wani Bafaranshe mai suna Gustave Courtois ya zana ta cikin farar riga, fuska a juye gefe, maɗauri guda kuma a zame, kuma ba a yi wani tashin hankali ba. Shekara bakwai kacal ke tsakani.

Sargent ya riƙe zanen a wurinsa fiye da shekara talatin, ko da yake daga 1905 ya riƙa ba da shi ana nunawa a wasu bukukuwa. A 1915 an kai shi wani babban baje koli a birnin San Francisco, kuma a shekarar ce Madame Gautreau ta rasu.

A farkon 1916 ya sayar wa gidan Metropolitan da shi a kan fam 1,000. A wasiƙar da ya aika wa daraktan gidan, Edward Robinson, ya ce yana jin wannan ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi, sannan ya roƙi kada a sanya sunan matar a jikinsa saboda saɓanin da suka samu shekarun baya. Daga nan sunan Madame X ya zauna, ko da yake a yau gidan na rubuta sunanta na gaskiya a gefensa.

Sargent ya rasu a Landan a 1925. A 2025, shekara ɗari bayan rasuwarsa, gidan Metropolitan da gidan zane na Orsay suka shirya wani baje koli kan shekarun da ya yi a Paris, inda aka ɗauki zanen daga New York aka kai shi birnin da aka fara yi masa dariya.