Ƙasusuwan Gadufawa

A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri, sunansa Gadufawa. Can ne ake tono ƙasusuwan manyan dabbobin da, waɗanda ake ce ma dinozor. Sun rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce. Ƙasusuwansu sun zama dutse.

Masani ba ya tsintar ƙashi ya wuce. Sai ya ba shi lamba. Sai ya rubuta inda aka same shi, da ranar, da irin ƙasar da ta rufe shi. Wani dinozor da Bafaranshe Philippe Taquet ya tono, ya raɗa ma suna Ouranosaurus a 1976, lambarsa GDF 300. GDF ɗin nan, Gadufawa ke nan.

Da, cikin littafi ake rubuta labarin. In littafin ya ɓata, ba mai sanin asalin ƙashin. Yanzu ana zuba labarin cikin kwamfuta, tare da hotuna. Ana ajiye shi wuri biyu ko uku.

Ƙoƙon kan Nigersaurus, mai haƙori fiye da 500, ba ya da ƙwari. Shi ya sa masana suka ɗauki hotonsa da na'ura irin ta likita. Cikin kwamfuta suka harhaɗa shi, suka nuna ma duniya a 2007.

Ta intanet, ɗalibin Yamai na iya duba ƙashin da ke wata ƙasa. Lambarsa kuwa ita ce shaidar cewa daga Nijar ya fito.

Tambayoyi
1. Ina Gadufawa take?
2. Don me ake ba ƙashi lamba?